Motar da Ke Mutuwa a Silo: Yadda Ake Gano Inda Kafireto Ke Shan Iska

Akwai wata matsala da tsofaffin motoci masu kafireto ke yi wadda ke rikita direba. A kan titi, daga Birnin Kebbi zuwa Jega, mota na tafiya lafiya lau, ka taka totur ta amsa. Amma da ka iso mararraba ko shingen jami'an tsaro ka ɗaga ƙafa, inji ya koma silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, sai ya hau kakkarwa, wani lokaci ya mutu gaba ɗaya. Wata kuma akasin haka take yi: tana tsaye amma inji na kuka sama, ya hau ya sauka shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi. A gangara kuma, idan ka saki totur, ka ji salansa na fat-fat.

Abin da aka saba yi kowa ya sani. Direba ya tsaya gareji ya ce, "Maigida, ɗan ɗaga mani silo kawai, lodin albasa na jira na a Aliero." Yaro ya ɗauko sukuddireba, ya murɗa sukurun silo, ya ƙara buɗe sukurun mai, mota ta daina mutuwa, a ba shi na goro a wuce. Ni dai wannan aikin ba ya yi mini daɗi ko kaɗan, domin ba gyara aka yi ba, rufe matsalar aka yi da fetur. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ba mai 504 ko Golf ɗin da zai iya ɗaukar wannan asarar kullum. Sukurun saiti shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa. Kafin shi, a nemo kafar da iska ke shiga.

Abin da ke faruwa a ciki

Injin fetur na son kimanin kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na mai. Aikin kafireto shi ne wannan awon: duk iskar da ta bi ta maƙogwaronsa tana janyo fetur daidai gwargwadonta. A silo, faifan totur na kusan rufe, fistin kuwa ba su daina zuƙa ba, don haka zuƙar da ke tsakanin faifan da bawul-bawul tana da ƙarfi ƙwarai. Idan akwai tsaga ko huji a wannan tsakanin, iska za ta shiga ta nan ba tare da ta ɗauko ko ɗigon mai ba. Duk wanda ya taɓa zuƙo fetur daga tanki da tsagaggen tiyo ya san abin: kana ta zuƙa, iska ce ke zuwa, man ya ƙi tahowa.

Wannan ne ya sa matsalar ta fi fitowa a silo. A lokacin iskar da inji ke sha gaba ɗaya kaɗan ce, don haka ƙaramin huji ma babban kaso ne. Idan ka buɗe totur sosai, zuƙar ta ragu, iska mai yawa na bin hanyarta ta gaskiya, hujin ya zama ba komai ba. Motar da ke gudu lafiya amma ta ƙi tsayawa a silo, iska ce farkon abin zargi. Wadda ke lafiya a silo amma take shaƙewa a gudu, je ka duba famfon mai da matatar mai, matsalarta ba ta shan iska ba ce.

Ɓarnar kuma ba ta tsaya ga mutuwar inji ba. Haɗin da mai ya yi masa ƙaranci yana sa inji zafi, kuma idan silinda ɗaya ce ke shan iskar, bawul ɗin salansarta na iya ƙonewa. Ga wani abin da ba a cika tunawa ba: iskar da ta shiga ta tsaga ba ta bi ta matatar iska ba. A lokacin hunturu, ƙurar nan da ke rufe gari kai tsaye take wucewa cikin silinda tana cin ringi.

Da farko, tabbatar iska ce

Tayar da mota ta yi zafi sosai, giya a firi, hambirki a ja. Cire murfin matatar iska. Yanzu ja cok, wato faifan da ke rage iska a bakin kafireto, kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin uku. Idan cok ɗin mai sarrafa kansa ne, tura faifansa da yatsa ta gefe. Lafiyayyen inji mai zafi ba ya son cok, zai shaƙe ya nemi mutuwa. Idan kuwa ka ji ya ware, kukansa ya daidaita, to mai ne ya yi masa ƙaranci. Kada ka sa fuskarka saitin bakin kafireto yayin wannan gwajin, domin injin da ke cikin wannan hali yakan yi atishawar wuta ta sama.

Gwaji na biyu a sukurun mai yake, amma ƙirga za ka yi, ba saiti ba. Kashe inji, murɗa sukurun ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya taɓa ƙasa, sannan ka mayar da shi inda ka same shi. Kada ka matse, bakinsa siriri ne, yana lalacewa. A yawancin kafireto zagaye ɗaya da rabi zuwa uku ne wurin zamansa. Idan ka tarar an fito da shi zagaye biyar ko shida, wani ya riga ka yaƙi da iska. Haka kuma idan inji na aiki ka murɗa shi ciki da waje bai ko canja murya ba, alama ce mai ƙarfi.

Sai fulogi. Kwance su duka ka jera su yadda suke a inji. Launin ƙasa-ƙasa shi ne lafiya. Idan dukkansu sun yi fari fat, iskar na shiga kusa da gindin kafireto, inda duk silinda ke rabawa. Idan ɗaya ko biyu maƙwabtan juna ne suka yi fari, nemi kafar a inda manifol, wato bututun ƙarfen da ke raba haɗin iska da mai daga kafireto zuwa silinda, ya haɗu da kan inji, daidai waɗannan silinda. Sai dai idan an daɗe da buɗe sukurun mai, sauran na iya yin baƙi, farin ya fito a ɗaya kawai.

A nan sai an yi hattara, domin toshewar jet ɗin silo, ɗan ƙarfen nan mai siririn huji da mai ke bi, tana ba da kusan duk waɗannan alamun, musamman ga mai sayen fetur a galan bakin hanya. Haka ma ƙarancin mai a cikin kofin kafireto, da mutuwar ɗan solenoyid ɗin da ke rufe hanyar silo idan an kashe mota. Shi wannan gwajinsa da sauƙi: kunna makulli, cire wayarsa ka mayar, za ka ji ƙas. Kwance jet ɗin silo ka hura shi da iska, aikin minti kaɗan ne. Kada ka zura masa waya, faɗaɗa shi za ka yi. Idan duk waɗannan lafiya suke, ci gaba.

Ido da hannu, inji a kashe

Kafin ka cire komai, ɗauki hoton kafireto da wayarka ta kowane gefe. Wanda ya taɓa tsayawa gaban kafireton Pierburg 2E2 na Golf 2 da tiyo shida a hannu bai san inda kowanne zai koma ba, zai gane amfanin wannan.

Bi kowane tiyo da yatsu daga farkonsa har ƙarshensa. Akwai siriri mai zuwa dilko, mai raba wuta ga fulogi. Akwai mai kauri mai zuwa bustar birki, baƙin tulun nan da ke bayan masta, inda ake zuba man birki. Akwai na numfashin inji da ke fitowa daga murfin bawul. Akwai ƙanana masu zuwa cok da kwanon matatar iska, sannan a wasu motoci masu giya otomatik akwai wanda ke gangarawa har giyabos. Kallo kawai ba ya isa. Lanƙwasa kowanne, musamman a bakinsa inda ya hau kan ƙarfe, domin nan yake tsagewa, kuma sau da yawa ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Zafin Maris da Afrilu a nan Kebbi yana haura digiri 40, a haɗa da zafin cikin bonet, roba ba ta daɗewa. Tiyon da ya bushe ya ƙeƙashe, ko wanda ya jiƙe da baƙin mai ya yi laushi har yana juyawa a bakinsa, duk sun gama aiki ko da ba ka ga huji ba.

Sai ka nemi bakunan da ba su da tiyo. Motocinmu sun bi hannaye da yawa. An cire kwanon iska na asali, an sauya kafireto da na wata mota, an bar ƙananan bututu a buɗe, ko an toshe su da abin da aka samu: tsinken ashana, ƙusa, guntun tiyo da aka murɗa wa sukuru. Sukuru ba ya toshe iska, tana bin zarensa ta wuce. Duk irin wannan toshiyar ka ɗauke ta a matsayin abin zargi.

Daga nan kama kafireto da hannu biyu ka girgiza shi gaba da baya. Bai kamata ya motsa ba. Gwada notocin gindinsa da sifana, ka ji ko akwai wanda ya saki. A Golf 2 kafireto na zaune ne kan wata kujerar roba mai kauri, kuma wannan robar sananniya ce wajen tsagewa. Tura kafireton gefe kana haska tocila a jikinta, tsagar za ta buɗe baki. Yawancin Golf ɗin da ke mutuwa idan an taka birki da ƙarfi ko an faɗa rami, nan ne ciwonsu, domin motsin kafireto ne ke buɗe tsagar. A 504, wadda kamfanin Peugeot na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya cika ƙasar nan da ita, kafireton Solex ne aka fi gani, kuma abin dubawa shi ne gasket ɗin gindi da faifan hana zafi da ke tsakaninsa da manifol.

Kunne, sannan filaya

Tayar da inji. Nemi tiyo mai tsawon kamu biyu ko uku, sa baki ɗaya a kunne, ɗayan kana yawo da shi a gindin kafireto, gefen manifol, da bakin kowane tiyo. Ƙarar da kake nema siririya ce, tsss, wani lokaci har da fito. Idan ka iso wurin ba za ka yi shakka ba. Bakin kafireto kansa yana da tasa ƙarar, wannan ba laifi ba ne. Naɗe hannun riga, cire carbi ko duk wani abu mai lilo, ka kuma san inda fanka da fambel suke kafin ka sunkuya.

Sai ka ɗauki filaya ka naɗe bakinta da tsumma, ka riƙa matse tiyo ɗaya bayan ɗaya, kusa da inda ya fito daga manifol ko kafireto. Wanda ka matse inji ya natsu, to iskar ta wannan layin take zuwa: ko tiyon ne, ko abin da ke ƙarshensa. Na numfashin inji daban yake, shi dama an yi shi ne ya wuce da iska kaɗan, don haka ɗan sauyi ba komai ba ne. Idan sauyin babba ne, cire ɗan bawul ɗinsa, irin wanda ke kan murfin bawul na Toyota, ka girgiza. Mai lafiya yana ƙara kacau-kacau, wanda ya maƙale shiru yake yi.

Na dilko kuma gwajinsa sai an kashe inji. Buɗe murfin dilko, cire tiyon ta gefen kafireto, ka zuƙa da baki. Za ka ga faifan ciki ya ɗan juya. Toshe bakin tiyon da harshe: idan fatar robar da ke cikin ɗan gwangwanin da ke jikin dilko lafiya take, faifan zai tsaya a wurin. Idan kana ta zuƙa iska na zuwa ba iyaka, ta yage. A motoci da yawa wannan layin ba ya zuƙa a silo, sai an ɗan taɓa totur, don haka alamarsa ita ce jinkiri wajen tashi da shan mai, ba lalle kakkarwa a tsaye ba.

Bustar birki

Wannan na ware shi ne saboda ya shafi rai. Kashe inji, taka birki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri. Riƙe shi a take, ka tayar da mota. Ya kamata ka ji feda ya ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka. Idan bai nutse ba, busta ba ta samun zuƙa ko ba ta riƙe ta. Idan kuma duk lokacin da ka taka birki a silo kana jin huci ta wajen ƙafafunka, inji kuma ya rikice har sai ka saki, fatar cikin busta ta yage. Duba kuma ɗan bawul ɗin da ke kan layin, da robar da ya shiga a jikin tulun.

Na ga inda ake cire wannan tiyon a toshe shi don silo ya daidaita, a sallami direba. Silo zai daidaita, amma birki zai koma sai an hau shi da ƙarfin tsiya. A-kori-kura ɗauke da buhunan shinkafa daga Argungu ba za ta tsaya inda kake so ba. A toshe don gwaji a cikin gareji kawai, kada mota ta hau titi a haka.

Feshi

Idan tiyo duk sun fita zargi, saura gasket da ƙarfe, kuma a nan ne ake amfani da feshi. Dabarar ita ce ka jiƙa wuri ɗaya ƙarami, ka saurari inji. Idan akwai kafa, abin da ka fesa zai shiga, muryar inji ta canja.

Fara da ruwa. Gorar roba da ka huda murfinta da allura ta isa. Ruwa yana toshe kafar na ɗan lokaci, sai ka ji inji ya sauya, ko ya natsu ko ya yi tuntuɓe, har ka ga ruwan na shigewa. Kada ka jiƙa dilko da wayoyin fulogi, kuma kada ka kwarara ruwan sanyi kan manifol ɗin salansa mai zafi. Idan ruwa bai nuna komai ba, sai a koma ga gwangwanin feshin wanke kafireto, da ɗan siririn bututunsa a saƙale. Shi yana ci da wuta, don haka idan ya shiga kafa inji yakan ɗaga murya.

Fetur a cikin gora ko a baki, wanda wasu ke fesawa, ban yarda da shi ba sam. A injin Golf 2 mai kafireton 2E2 manifol ɗin shiga da na salansa gefe ɗaya suke, ta baya, ɗaya bisa ɗaya. Duk abin da ya ɗiga, kan ƙarfe mai zafi yake sauka. Ko da feshin gwangwani ne, a yi shi a fili, inji bai yi zafi can ba, tukunyar kashe gobara ko bokitin yashi na kusa, ba mai shan taba a wurin, an kuma tabbatar ba wayar fulogin da ke tartsatsi.

Yadda ake yin feshin shi ne rabin aikin. Mayar da kwanon matatar iska tukuna, in ba haka ba tururin zai shiga ta bakin kafireto ya yaudare ka, ko'ina ka fesa inji ya amsa. Fesa kaɗan, fit, ka jira daƙiƙa biyar. Bi da tsari: gindin kafireto gefe huɗu, ƙarshen sandar totur hagu da dama, inda sama da ƙasan kafireto suka haɗu, sannan kowace ƙafar manifol inda ta manne da kan inji, har ta ƙasa. Inda inji ya amsa, bari ya bushe ka sake. Sai ya amsa sau biyu a wuri ɗaya za ka yarda. Kuma samun kafa ɗaya ba ya nufin ka gama, tsohuwar mota takan tara biyu ko uku. Yi gwajin inji na da ɗumi, ka sake da ruwa bayan ya yi zafi, saboda ƙarfe na buɗewa da zafi: wata kafar da safe take buɗe ta rufe da rana, wata kuma sai an yi tafiya take bayyana.

Sandar totur

Wannan ita ce kafar da ta fi wahalar da mutane, domin ba gasket ɗin da za ka canja ta tafi. Sandar da faifan totur ke kanta tana juyawa ne cikin jikin kafireto, shi kuwa ƙarfensa mai laushi ne. Shekara talatin ko arba'in ana taka totur, ga ƙura, ramin sai ya faɗaɗa ya zama ƙwai-ƙwai. Alamarta ta daban ce: duk lokacin da ka taka totur ka saki, silo a wani wuri yake sauka. Yanzu ya yi sama, an jima ya yi ƙasa. Ka saita shi da kyau, kafin ka kai Kalgo ya canja.

Kashe inji, cire sifirin ɗin da ke jan totur baya, kama ƙarshen sandar ka motsa ta sama da ƙasa. Ɗan motsi da ƙyar ake ji ba laifi. Idan kana ganin motsin da ido, har kana jin ƙas-ƙas, ta ci. Don tabbatarwa, mayar da sifirin, shafa giris mai kauri a ƙarshen sandar gefe biyu, ka tayar. Idan silo ya zauna daram, ka kama ɓarawon. Giris ɗin gwaji ne kawai, zafi zai narkar da shi. Gyaran gaskiya shi ne a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya gyara ramin ya sa bushin na tagulla, kuma sai wanda hannunsa ya faɗa, domin idan ramukan biyu ba su yi saiti ba faifan ba zai rufe daidai ba. In ba a samu ba, a nemi wani kafireton. Idan za ka sayi na hannu, wannan sandar ce farkon abin da za ka girgiza tun a gaban mai shago.

Idan har yanzu ba a gani ba

Hayaƙi yana tona abin da feshi ya kasa. Inji a kashe kuma a sanyaye, rufe bakin kafireto da leda ka ɗaure da roba. Cire tiyon busta ka tura hayaƙi ta nan cikin manifol. Gwangwani mai murfi da huji biyu, tsumma mai ɗan mai yana cin wuta a hankali a ciki, da famfon keke, sun isa. Gwangwanin ya zauna nesa da mota, dogon tiyo ya kawo hayaƙin, kuma a hura a hankali. A cikin inuwa, da tocila, za ka ga siririn hayaƙi na fita ta tsagar da ba ka taɓa zato ba, har ta ƙarƙashin manifol.

Mai gareji kuwa ya kamata ya mallaki gejin auna zuƙa. Ana haɗa shi da bututun da ke kan manifol, ba na dilko ba. Lafiyayyen inji a silo yana nuna inci 17 zuwa 21, allura a tsaye cak. Ana rage kamar inci ɗaya ga kowace mita 300 ta tudu, mu kuwa nan ƙasarmu ba ta da tudun da zai canja lissafin sosai. Allurar da ta tsaya ƙasa da haka ba ta rawa, ko iska ce ko taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, ya yi baya. Wadda ta faɗi ƙasa da 10, babbar kafa ce. Wadda ke faɗuwa tana dawowa a kai a kai, wannan bawul ne, feshi ba zai nuna maka komai ba, sai a auna matsin silinda.

Gyaran kansa

Tiyo a canja shi gaba ɗaya da irin wanda aka yi don mota, daidai kaurin bututun. Farin tiyon ruwa ko na ƙarin ruwan asibiti yana laushi da zafi ya manne. Na busta dole ya zama mai kauri mai zare a ciki, kuma a kula da fuskar bawul ɗinsa: iska daga busta zuwa inji take tafiya. Bakin da ba a amfani da shi a toshe shi da guntun sabon tiyo da aka cusa wa ƙarfe mai santsi, a ɗaure da kilif.

Idan gindin kafireto ne, cire kan batir, kwance kafireton, nan take ka cusa tsumma mai tsabta a bakin manifol. Noti ɗaya ya faɗa ciki, aikin ya koma na sauke kan inji. Kankare tsohon gasket tas ba tare da ka karce ƙarfen ba. Sannan ɗora rula ta ƙarfe a gindin kafireton ka ɗaga shi saitin rana. Idan haske na wucewa ta tsakiya, gindin ya lanƙwashe, kuma yawan matse noti ne ke jawo haka: kunnuwan su sunkuya, tsakiya ta ɗaga. Sabon gasket ba zai rufe wannan ba. Shimfiɗa samfefa mai laushi kan gilashi mai kauri, ka riƙa goga gindin a kai kana zagayawa, kana dubawa, har ko'ina ya yi haske iri ɗaya. Tabbatar faifan totur bai leƙo yana taɓa samfefar ba. Ci kaɗan ake so. Bayan nan a wanke shi sosai a hure duk ƙananan hanyoyinsa.

Gasket a sa na asali, ko a yanka daga takardar gasket ta gaskiya. Kwalin sukari ko na taliya yana jiƙewa da fetur ya narke. A kula da ƙananan hujojin da ke jikin tsohon, kowanne da aikinsa. Gam ɗin silikon kuma kada ya kusanci wurin: fetur na cinye shi, gutsattsarinsa su shige su toshe jet. Faifan hana zafi a duba shi ko ya tsage, kuma kada a yar da shi, shi ke hana fetur tafasa a cikin kofi idan ka tsaya da rana. Kujerar robar Golf ba ta ɗinkuwa, sabuwa ake sa wa. Wajen ɗaurewa, a bi notoci a gicciye, kaɗan-kaɗan, da gajeren sifana. Na manifol kuma daga tsakiya ake farawa a fita waje.

Yanzu ne lokacin sukuddireba

Da zarar an toshe kafar, kada ka yi mamaki idan mota ta tashi da baƙin hayaƙi da warin fetur. Tsohon saitin na mai shan iska ne. Tabbatar fulogi da taimin daidai suke, inji ya yi zafi, cok a buɗe gaba ɗaya, matatar iska a ɗaure. Mayar da sukurun mai ciki har ya taɓa, ka fito da shi kamar zagaye biyu. Sauke sukurun silo har inji ya dawo wajen zagaye 800 zuwa 900 a minti, ko abin da littafin motar ya ce. Sai ka riƙa murɗa sukurun mai rubu'in zagaye kana jira. A yawancin kafireton mota, ciki rage mai ne, waje ƙari. Shiga da shi har inji ya fara tuntuɓe, fito da shi har ya kai inda ya fi santsi, ka tsaya nan. Idan silo ya hau, sake sauke shi, ka maimaita. Wannan tuntuɓen da ya yi da ka rage mai shi ne shaidar cewa yanzu kafireto ne ke iko da abin da inji ke sha.

Kunna fitilu, taka birki, murɗa sitiyari, ka ga ko silo zai riƙe. Fita da ita titi, ka yi gudu ka saki totur farat ɗaya ka taka kulochi: ya kamata inji ya sauko ya zauna wuri ɗaya kowane lokaci. Bayan ta huce, sake bin notocin gindin kafireto da sifana, domin sabon gasket yana kwanciya idan ya sha zafi. Bayan tafiyar mako guda a sake kwance fulogi a jera su, a duba ko wanda ya yi fari ya dawo launin 'yan'uwansa. Idan shi kaɗai ya ƙi, kuma inji na ɗan ɗingishi a silo, a auna matsin wannan silindar kafin a sake taɓa kafireto.